Yadda ake gina labarin fim ɗin dodo ba tare da ya zube a tsakiya ba

Na karanta rubutun masu koyon fim ɗin dodo da dama, kuma kusan ciwonsu ɗaya ne. Shafi goma na farko wuta suke ci: dare, ihu, jini a jikin bango. Daga nan sai labari ya koma a gudu a yi faɗa, a sake gudu a sake faɗa, har a zo ƙarshe wani makami da ba a taɓa jin labarinsa ba ya faɗo daga sama ya kashe dodon. Ni ma da haka na fara, saboda haka ba gori nake yi wa kowa ba. Yadda ake jera shafi da rubuta kan fitowa na ɗauka ka sani. Abin da kawai zan tuna maka shi ne shafi ɗaya kamar minti ɗaya ne a allo, kuma fim irin wannan minti 90 zuwa 100 ya ishe shi. Wanda ya kawo mini shafi 140 ko buɗewa ba na yi.

Mataki na ɗaya: nemo laifin da ya tado dodon

Kafin ka zana ƙaho ko farce, tambayi kanka wa ya jawo wannan bala'i. Blake Snyder, a littafinsa na koyar da rubutun fim da ya fito a 2005, ya ce irin wannan labari abu uku yake buƙata: dodo, wurin da aka rutsa mutane a ciki, da wani zunubi da wani ya aikata. Na ukun ne masu koyo suke tsallakewa. Dodon da ya zo haka siddan kamar guguwa ne, ana jin tsoronsa amma ba a damu da shi ba. Godzilla na farko, wanda aka yi a Japan a 1954, gwajin bam ɗin nukiliya ne ya tashe shi daga ƙarƙashin teku, kuma shekara tara kacal ke nan da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Waɗanda suka kalle shi a lokacin sun san abin da suke kallo.

Bari in ƙirƙiro misali mu riƙa bin sa. Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya sake buɗe wani rami a cikin dutse, wanda aka toshe shekaru da suka wuce bayan ya rufta da ma'aikata. An san akwai masu rai a ciki lokacin da aka toshe shi, aka yi gum. Ga laifi, ga wuri. Wurin nan ka tabbata ba a iya fita daga cikinsa da sauƙi, domin ɗan kallo na farko da ya ce "to su gudu mana" ya gama da kai. Rufaffen wuri kuma sauƙi ne ga aljihun furodusa, wuri ɗaya ko biyu aka kama aka gama ɗauka.

Mataki na biyu: rubuta wa dodon doka

A nan zan daɗe, don a nan aka kayar da ni. Rubutuna na farko dodona yana iya komai. Yana ratsa bango, yana ɓacewa, yana shiga jikin mutum, harsashi ba ya cin sa, wuta ba ta cin sa. A tunanina na ƙara masa kwarjini ne. Da na zo shafi na 70 sai na tsaya cak, don ni kaina ban san yadda za a kashe shi ba. Na yi wata uku ina juya abin, ƙarshe na shigo da wani tsoho da ba a taɓa gani ba, ya miƙa wa jarumi wata wuƙa. Wanda na ba ya karanta mini ya dawo da rubutun da tambaya ɗaya a gefen shafi: in dodon yana ratsa bango, me ya hana shi cinye su tun daren farko? Ban da amsa.

Saboda haka ka ɗauki takarda guda, daban da rubutun fim ɗin, ka rubuta abin da dodon yake so, abin da yake iyawa, abin da ba ya iyawa ko da sama da ƙasa za su haɗe, da kuma abin da ke cutar da shi. Kada su wuce rabin shafi. Dodon abu ne na gaibu, na yarda, amma gaibun ma a labari sai da iyaka. Dokar ce take ba jarumi damar yin dabara, dabarar kuma ita ce ke bambanta fim ɗin faɗa da tarin ihu.

A misalinmu, abin da ke cikin ramin ba shi da jiki. Yana kiran mutum da muryar wani nasa da ya rasu. Wanda ya amsa kiran, ya zama nasa. Wanda ya yi shiru, ba ya iya taɓa shi. Rauninsa kuwa, a daidai lokacin da yake magana ne kaɗai yake da tsoka da ƙashi, a nan ne ƙarfe ke cin sa. Dubi abin da wannan 'yar doka ta haifar: in kana son tsira ka yi shiru, in kana son kashe shi dole wani ya amsa. Tun ba ka rubuta fitowa ɗaya ba ka sami ƙarshen fim ɗinka.

Kada ka ji tsoron ƙirƙirar sabuwar doka, ai waɗanda ake ɗauka tsofaffi ma wasu ne suka zauna suka tsara su. A littafin Dracula na 1897 mai shan jinin yana yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai yake raguwa. Fim ɗin Nosferatu na Jamus, a 1922, shi ne ya sa hasken rana ya kashe shi, yau kowa ya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Abin da ba a yafewa shi ne ka kafa doka ka karya ta da kanka don ka shiga matsi. Ɗan kallo yana yarda da ƙarya komai girmanta, muddin ba ta saɓa wa kanta ba.

Sannan dokar nunawa ake yi. Kar ka zaunar da wani masani ya yi minti huɗu yana karanto ta daga tsohon littafi. A bar mai gadi ya amsa kiran matarsa da ta rasu, a ga abin da ya same shi. A fitowa ta gaba a bar wani kurma ya wuce ta gaban abin lafiya lau. Ɗan kallo zai haɗa biyun da kansa, kuma abin da ya gano da kansa ba ya mantawa. Makamin ƙarshe ma haka, a gan shi tun da wuri a matsayin abin da ba a damu da shi ba. A The Wolf Man na 1941, sanda mai kan azurfa da jarumin ya saya a shago tun farkon fim, ita ce mahaifinsa ya kashe shi da ita a ƙarshe, bayan shi jarumin ya rikiɗe ya zama dodon.

Mataki na uku: zaɓo mutanen

Mutum biyar ko shida sun isa. Fiye da haka sunaye ne kawai za ka tara don a kashe, kuma kowane ɗan wasa kuɗi ne.

Jarumi ko jaruma dole a ce dodon ya san inda ke yi mata ciwo. Tamu injiniya ce, ƙanenta yana cikin waɗanda ramin ya rufta da su, kuma ita ta sa hannu a takardar da ta ce ba sauran mai rai. Kana jin haka ka san muryar wa za ta ji. Ni a wajena jarumin da ba shi da alaƙa da laifin ɗan rakiya ne, komai ƙwanjinsa.

Sai mai taurin kai, wanda yake ƙaryata abin don yana da abin da zai rasa in aka yarda. Shugaban aikin ke nan. Masu koyo suna mayar da shi wawa, wanda kuskure ne. Ba shi hujja mai ƙarfi: iskar gas a rami tana sa mutum jin muryoyi, kuma in aka rufe aikin iyalai da yawa za su rasa abinci. Sau da yawa shi ne ainihin mugun, don dodon halinsa yake bi, shi kuwa zaɓa ya yi.

Akwai wanda ya taɓa karo da abin ya tsira da rabin rai, yawanci dattijo mai tabo a jiki ko a zuciya. Shi ya san rabin dokar. Rabi na ce, don in ya san duka ba sauran aiki ga jaruma. Kuma ƙa'idata ce ya mutu kafin faɗan ƙarshe. Akwai mai ƙarfi da bindiga, wanda amfaninsa shi ne a nuna ƙarfi ba ya aiki, saboda haka ka kashe shi a lokacin da kowa ya jingina da shi. Akwai mai rauni da ake karewa, yaro ko majinyaci. Mai ban dariya in kana so ka sa, amma ka haɗa aikin da ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka ɗauko mutum sukutum don barkwanci kawai.

Gwajin da nake yi shi ne in rufe sunayen in karanta maganganun. In ban gane wa ke magana ba, mutum ɗaya na rubuta sau shida.

Mataki na huɗu: raba labarin

Tsarin da malamin rubutun fim Syd Field ya yaɗa tun 1979 har yanzu yana aiki: kashi ɗaya cikin huɗu na shimfiɗa, rabi na gwagwarmaya, kashi ɗaya cikin huɗu na warwara. A fim mai shafi 100, kusan shafi na 25 ƙofar fita ta rufe. Ka buɗe da kisa ɗaya wanda ba a ga mai yin sa ba, sannan ka ba mu mutanen a rayuwarsu ta yau da kullum, mu san su kafin mu fara rasa su.

Ɓoye dodon. Kowa ya san labarin Jaws na 1975, inda kifin ƙarfen da aka ƙera ya riƙa lalacewa a ruwan gishiri, dole darakta Steven Spielberg ya koma nuna gangunan da kifin ke ja, da kiɗa, da abin da kifin yake gani, sai can cikin fim aka gan shi sosai. Matsalar ta zame masa alheri. In kuɗin siddabarun kwamfuta bai kai ba, inuwa da sauti da fuskar wanda ya ga abin sun fi arha, kuma sun fi dodon roba da aka haske da fitila tsoratarwa nesa ba kusa ba.

Tsakiyar nan mai shafi 50 ita ce inda rubutu ke zubewa. Maganinta, kowane hari ya koya wa mutanen wani abu sabo game da dokar, kuma ya karɓi wani abu a hannunsu: mutum, fitila, hanya, ko amana. In hari biyu abu ɗaya suka koyar, goge ɗaya. A daidai rabin fim a ga dodon ƙuru-ƙuru, daga nan masu gudu su koma masu farauta. Su shirya tarko da rabin dokar da dattijo ya ba su, tarkon ya watse, don sun harbe shi lokacin da ya yi shiru. A nan mai bindiga ya tafi. Kusan shafi na 75 asirin takardar da jaruma ta sa wa hannu ya tonu, sauran su juya mata baya, ta rage ita kaɗai da mai rauni.

Mataki na biyar: faɗan ƙarshe da rufewa

In ka yi mataki na biyu da kyau, wannan da kansa yake rubutuwa. Jaruma ta amsa kiran ƙanenta, ta riƙe abin da magana, tana faɗa masa gaskiyar da ta ɓoye, har ya yi jiki, injin haƙar da muka gani tun shafi na 8 ya yi aikinsa. Kada wani ya zo ya cece ta. Faɗan ya kasance hawa uku, na farko ya gaza, na biyu ya ci wani abu mai tsada, na uku ya yi. Minti goma zuwa goma sha biyu ya isa. Duk fitowar faɗa ka rubuta ta da gajerun layuka, ka faɗi wa ke ina da abin da ya canza, naushi da tsalle ka bar wa mai tsara faɗa.

Bayan dodo ya faɗi, shafi biyu ka tashi. Wancan salon na hannu ya sake fitowa daga ƙasa don a yi kashi na biyu, ni ba na sonsa, sai in dokarka ta ba da dama. Da ka gama, ajiye rubutun mako biyu, sannan ka ɗauko 'yar takardar dokar ka bi fitowa ɗaya bayan ɗaya da jan biro, duk inda dodon ya yi abin da ba ya cikin takardar ka sa alama ka sake rubuta wurin.