Ranar Tashi da Sef ɗin Bindiga: Shawara ga Sabon Zuwa

Ɗan'uwa, idan zamanka a Amurka ko Kanada ya kai har ka mallaki bindigar farauta bisa ƙa'ida, ko kuwa ka sayi gida ka tarar tsohon mai shi ya bar maka sef, wato akwatin ƙarfe mai kulle na ajiye bindiga, a gareji, to ka sani ranar da za ka tashi zuwa wani gida babu kayan da zai ba ka wuya kamar sef ɗin nan. Ƙananansa sukan kai kilo 100 zuwa 150. Dogayen nan masu tsayin mutum yawanci suna tsakanin kilo 250 da 450, manyan kuma sukan wuce rabin tan. Ba ƙarfe kaɗai ke sa nauyin ba. An jera alluna masu hana wuta ci a cikin jikinsa, su ma nauyi ne da su.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mukan ɗauki lamarin. Mutum zai kira abokai huɗu majiya ƙarfi, ya ce ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A fili haka ne. Amma a kan matakalar bene mutum biyu ne kawai ke iya tsayawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sauran sai kallo. Idan sef ya kuɓuce, na ƙasan ba shi da wurin gudu, kuma babu hannun da zai tare kilo 300 da ya riga ya taho. A ganina, muddin akwai bene a hanya, ko hawa ko sauka, ka nemo waɗanda ɗaukar sef ita ce sana'arsu. Suna da kura mai inji wadda ke hawa matakala ɗaya bayan ɗaya. Shagon da ke sayar da sef ko mai gyaran makulli zai iya nuna maka su. Kuɗin da za ka biya bai kai na karayar ƙafa ba, balle a Amurka inda asibiti ke da tsada.

Kafin komai, a kwashe abin da ke ciki kaf: bindigogi, harsasai, takardu, har da kantocin da ke ciruwa. Yawancin kamfanonin ɗaukar kaya ba sa karɓar harsashi sam, don haka wannan kai za ka ɗauka a motarka. A nan doka take shigowa, kuma sabon zuwa ya fi kowa bukatar lura, domin laifin bindiga kan iya taɓa takardun zamansa. A Amurka dokar tarayya ta 1986 ta yarda ka ratsa jihohi da bindiga idan halal ce gare ka a inda ka taso da inda za ka, da sharaɗin babu harsashi a cikinta kuma tana but ɗin mota ko a akwati kulle inda hannu ba ya kaiwa. Sai dai kowace jiha da nata tsarin. Kalifoniya, alal misali, tana bai wa wanda ya koma can da bindiga kwana 60 ya sanar da hukuma. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, sai a 'yan yanayi kaɗan kamar idan yana da lasisin farauta. A Kanada mai lasisi zai sanar da sauyin adireshi cikin kwana 30, wasu nau'o'in bindiga kuma sai da izinin ɗauka kafin a fita da su daga tsohon gida. A Birtaniya 'yan sanda ake sanarwa, kuma suna son ganin akwatin a kafe jikin ginin.

Idan gidajen biyu duk a ƙasa suke har ka yanke shawarar yi da kanka, to aikin daga tef ɗin awo yake farawa. Auna faɗin sef da zurfinsa, ka haɗa da hannun buɗewa da ya fito waje. Auna kowace ƙofa, kowane lungu da za a karya kwana, a tsohon gida da sabo. Sau da yawa santimita biyu ce ke hana wucewa, kuma cire ƙyauren ɗaki ya wadatar. Gara ka gano haka da safe da tef a hannu, da ka gano shi sef na maƙale a bakin ƙofa.

Ƙofar sef ita ce mugun wuri. Ita ta fi kowane sashe kauri, don haka nauyin ya karkata gaba, kuma idan ta buɗe sef ɗin da ba a kafe ba yana iya kifowa kan wanda ke gabansa. Wasu sef ɗin ana iya ɗage ƙofarsu a cire, nauyi ya ragu sosai, amma ita kanta ƙofar ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan ba za a cire ba, a kulle ta. Ka leƙa ƙasan ciki tukuna: galibi akwai kusoshi da suka kafe shi da daɓe, sai an kwance su. Ka yi hayar kurar ɗaukar firiji mai ƙarfi, ka karanta iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta, ka ɗaure sef ɗin da bel biyu. Shimfiɗa katako mai faɗi a hanya don kada tayil ya fashe. Motar kuma a samo mai dandamali a baya wanda ke sauka ƙasa ya ɗaga kaya, shi ma a tambayi nauyin da yake ɗauka. A cikin mota sef ya tsaya a tsaye, a jingine da bangon gaba, a ɗaure tam. Yara su bar wurin gaba ɗaya.

Wanda zai ba kamfani kuwa, ya karanta takardar inshora. A tashi daga jiha zuwa jiha a Amurka, kariyar da ake bayarwa kyauta senti 60 ce a kan kowace laba. Sef mai laba 700, wato kimanin kilo 320, idan ya lalace dala 420 za a ba ka, ko da ka saye shi da ninkin haka sau biyar. Cikakkiyar kariya kuwa biya ake yi, kuma ita ce ke aiki sai idan ka sa hannu ka zaɓi ta kyautar. Ka kuma faɗa musu ainihin nauyin tun ranar ciniki.

A sabon gida, daɓen siminti ya fi. Gidaje da yawa a Amurka da Kanada benensu na katako ne, saboda haka idan dole sai sama, a ajiye shi kusa da bangon da ke ɗauke da ginin, ba tsakiyar ɗaki ba, babba sosai kuma a tambayi injiniya. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida a rubuce kafin ya huda daɓe. Gareji da ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna da danshi, danshi kuma tsatsa yake jawowa, don haka a sa abin tsotse laima a ciki. Idan makullin na lambobi ne mai batir, sa sabon batir, ka gwada lambar sau da dama ƙofa na buɗe kafin ka mayar da bindigogi ka rufe.