Sabon zuwa Damagaram: idan stik ɗin talabijin ya fara tsaitsayawa

Wasu 'yan uwa da ke tsallakowa daga Kano, Katsina, Daura ko Jigawa su zauna a Damagaram suna zuwa da 'yar na'urar nan da ake sokawa a bayan talabijin, Fire TV Stick ko Mi TV Stick, don yara su yi kallo, maigida ya bi labaran gida da ƙwallo. Can gida lafiya lau take aiki. Da an kunna ta a nan sai hoto ya cije, zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo, murya ta wuce hoto ya biyo baya. Ɗan uwa, don Allah kada ka yi saurin cewa ta lalace a hanya ka nufi kasuwar Dole sayen wata. Ba kasafai laifin yake nata ba, kuma kuɗin sabon zuwa suna da wuraren shiga da yawa.

Fara da layi. Layin Najeriya, ko ya kama a nan, da tsada yake ja, bai dace da kallo ba. Ɗauki takardar shaidarka ka yanki na ƙasar: akwai Airtel, Moov Africa, Niger Télécoms da Zamani Telecom, wadda a da ake kira Orange. Kada ka tambayi wanda ya fi ƙarfi a gari gaba ɗaya, tambayi maƙwabcinka na jikin katanga, domin rezo, wato netwok, da ke gudu a unguwar Sabon Gari yana iya yin sanyi a unguwar Birni. Sayi ƙaramin forfe, wato data, na yini guda, ka tsaya daidai inda talabijin take, ka buɗe fast.com a wayarka ka ga lambar da za ta fito, ita ce saurin intanet ɗinka a ma'aunin Mbps. Gwada da hantsi, ka sake gwadawa bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya koma gida ya hau intanet. Lambar daren ita ce abin dubawa, tunda a lokacin za a zauna kallo. Netflix na neman 3 Mbps don hoton 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K. YouTube a 480p kuwa, 1 da ɗan ɗoriya ya ishe shi.

Idan ka ga 2 ko 3 da dare, to shiga saitin bidiyon ka sauke shi zuwa 480p da hannunka, kada ka bar shi ya zaɓa da kansa. A talabijin mai inci 32 hoton ba ya muni, kuma forfe ya fi daɗewa: awa guda ta HD a Netflix tana iya cin giga 3, ta 4K har 7, ƙaramin hoto kuwa bai wuce 1 ba.

Sai maganar bango, wadda ita ce aka fi mantawa. Gidajen ƙasa irin na Birni bangonsu na da kauri, rufin kwano da ƙofar ƙarfe ma suna tare sigina. Mutum zai kunna wa stik intanet daga wayarsa, sannan ya jefa wayar a aljihu ya fita zaure hira, yara na ciki suna kuka kallo ya tsaya. Wayar da ke ba da intanet a ware ta, a jona ta a caji, a ajiye ta bakin taga a ɗakin da talabijin take. Wanda ke da hali ya sayi ƙaramin akwatin wifi mai cin layi, ya ɗora shi sama, ba ƙasan kabad ba. Wifi zango biyu gare shi, 2.4 GHz da 5 GHz. In akwatin yana ba da 5 GHz kuma ɗaki ɗaya suke da talabijin, zaɓe shi, ya fi sauri. In akwai bango a tsakani, 2.4 GHz ya fi ratsawa. A cikin kwalin Fire TV Stick akwai wata 'yar guntuwar igiyar HDMI da mutane ke yarwa. Nemo ta. Ita ke janye stik daga jikin talabijin ya samu sigina, ya kuma sha iska.

Iskar nan ba ƙaramin abu ba ce. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, bayan talabijin kuma kamar bakin murhu yake. Idan kallo ya fara lafiya sai bayan rabin awa ya soma cijewa, kai hannu ka taɓa stik ɗin. In ya yi zau, rage gudu yake yi don kada ya ƙone. Cire shi ya huce, ka matso da talabijin daga bango, ka juya masa fanka, ka kaɗe ƙurar hunturu da ta taru a wajen.

Wutar da yake ci ma a duba. Soket ɗin Nijar mai ramuka biyu ne masu zagaye, cajar da ka zo da ita kuma mai baki uku ce, shi ya sa wasu ke soka igiyar a ramin USB na talabijin su huta. Wutar wannan ramin sau da yawa ba ta isarsa, sai ya riƙa nauyi ko ya mutu ya tashi da kansa. Sayi adafta ka jona cajarsa ta asali a bango. Idan an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, aka dawo da shi, bari akwatin wifi ya gama tashi tukuna kafin ka kunna kallo.

In manhaja ɗaya ce kawai ke nauyi sauran na tafiya, shiga Settings, Applications, ka share cache ɗinta, wato tarkacen bayanan da take tarawa, ka goge manhajojin da ba ka buɗewa, tunda wurin ajiyar yawancin stik giga 8 ne kacal. Duk an yi wannan bai daina ba, ɗauke shi ka kai gidan wani da nasa ke aiki ka jona a wifinsa. In can ma ya cije, to lokacin kai shi wajen mai gyara ya yi.