Yadda ake sayen jirgin ruwa mai filafilai na hannu

Jirgin da ake magana a kansa shi ne wanda iska ke turawa, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, irin wanda mutum zai ɗauki iyalinsa su yi mako guda suna yawo daga tsibiri zuwa tsibiri. Sabonsa kuɗi ne masu yawa, shi ya sa galibin masu sha'awa na hannu suke nema. Tun daga shekarun 1960 da aka koma ƙera gangar jiki da faiba maimakon katako, jiragen sun daina ruɓewa da wuri, har kasuwa ta cika da masu shekara talatin ko arba'in da ke kan aiki. Sai dai jirgi ya bambanta da mota ta hanya ɗaya: muhimmin sashensa yana nutse a ruwa, inda idonka ba ya kaiwa. Wanda ya biya kafin a ɗaga shi sama, kifi ya saya a ruwa.

Mataki na farko, ka faɗa wa kanka gaskiya a kan inda za ka je da shi. Yawon gefen gaɓa a Girka daban, tsallaka Atilantika daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Saint Lucia a yankin Karebiyan, tafiyar mil na teku kusan 2,700 da wani ayarin jirage masu filafilai da ake kira ARC ke yi duk watan Nuwamba, daban. Jiragen da aka sayar da su sababbi a Tarayyar Turai daga Yunin 1998 suna ɗauke da ɗan allo mai nuna ajinsu, daga A zuwa D. Ajin A na tsakiyar teku ne, inda igiyar ruwa kan wuce mita huɗu, D kuwa na tafki da ruwa mai kwanciya. Ga mutum biyu ko ƙaramin iyali, tsawon mita 10 zuwa 12 ya wadatar. Kada girma ya ruɗe ka, domin tashoshin ajiya da tsawo suke lissafin haya, kuma komai na babban jirgi ya fi tsada, daga igiya har fenti.

Na biyu shi ne lissafi. Kuɗin da ke kan talla somin taɓi ne. Masu jirage suna da ƙiyasin da suke yawan faɗa, wai hidimar shekara takan kai kashi goma cikin ɗari na darajar jirgin: hayar wurin ajiya, inshora, fitar da shi daga ruwa, fentin ƙasa mai hana tsiro da ƙananan halittu mannewa, sabis na inji. Shawarata, kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kan sayen. Ka ware wani kaso na gyaran shekarar farko, don babu jirgin hannu da ba ya zuwa da buƙatarsa.

Daga nan sai nema. Shafuka irin su YachtWorld da Apollo Duck cike suke da tallace-tallace, kuma sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Beneteau da Jeanneau na Faransa da Bavaria na Jamus. Da yake an ƙera su da yawa, kayan gyaransu ba sa wahalar samu. Hallberg-Rassy na Suwidin ya fi su nauyi da tsada, kuma yana riƙe farashinsa. A Kuroshiya da Girka da Turkiyya akwai wata kasuwa ta jiragen da kamfanonin haya suka gama mora. Suna da sauƙi, amma ka ɗauke su kamar motar da ta yi aikin tasi: ta sha sabis a kan lokaci, ta kuma sha hannu iri-iri. Ka tuna kuma dillali la'adarsa daga mai sayarwa take fitowa. Ba lallai ya yi maka ƙarya ba, amma ba kai yake wa aiki ba.

Ranar da ka je gani da ido, hancinka ne zai fara aiki. Warin dauda da danshi da zarar an buɗe ƙofa alama ce ta yoyo. Ɗaga allunan daɓe ka leƙa ƙasa. In akwai ruwa, ɗan taɓa da yatsa ka ɗanɗana: na gishiri daga teku yake shigowa, mara gishiri kuwa daga tanki ne ko ruwan sama. Sannan ka fito sama ka taka ko'ina a hankali. A jirage da yawa, saman da kake takawa faiba biyu ne aka manna da wani katako mara nauyi mai suna balsa a tsakani, kuma in ruwa ya shiga ta ramin kusa, katakon kan ruɓe, sai ka ji wurin yana lotsawa ƙarƙashin ƙafarka. In kuwa an shimfiɗa katakon tik a sama, kada kyansa ya ɗauke maka hankali. Tsohon tik da ya siɗe, canza shi na iya lashe kaso mai tsoka na kuɗin jirgin baki ɗaya.

Injin galibi na dizal ne, Yanmar ko Volvo Penta. Ka sa hannu ka tabbata da sanyinsa kafin a tayar, saboda injin da aka riga aka ɗumama kafin isowarka yana ɓoye halinsa. Dubi kalar hayaƙi, dubi ko ruwan sanyaya inji yana fita ta salansa, ka nemi rasiɗan sabis. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe da jigo, wato dogon sandan da ake ɗaura wa filafilai, su ma ka tambayi shekarunsu. Suna iya yin ƙyalli alhali sun gaji daga ciki, shi ya sa kamfanonin inshora da dama ke neman a canza su in sun kai shekara goma. Mai jirgin da ya ce “ai kwanan nan aka canza” amma babu takarda, ka lissafa kamar ba a canza ba.

In ya kwanta maka, sai a yi ciniki a rubuce. Al'adar kasuwar ita ce a ajiye kafin alƙalami kashi goma cikin ɗari, a asusun da dillali ya keɓe don kuɗin abokan ciniki. Abin da ba za ka yarda a bari ba shi ne sharaɗin cewa cinikin ya dogara ga binciken ƙwararre da gwaji a teku, kuma za a mayar maka da kuɗinka in an gano babban aibi.

Yanzu aka zo wurin da ya fi komai. Ka ɗauki ƙwararren mai binciken jirage da kanka, kai za ka biya shi, kai za ka biya kuɗin ɗaga jirgin, kuma kada ya zama wanda mai sayarwa ya kawo. Zai bi gangar jiki da ƙaramar guduma yana sauraron sauti, ya auna danshi da na'ura, ya nemi ƙurajen da ke fitowa in ruwa ya ratsa faiba. Ƙurajen nan suna tsorata masu saye fiye da kima. Galibi batun kuɗin gyara ne, ba sa nutsar da jirgi. Abin tsoro yana ƙasa, a doguwar dalma ko ƙarfen da ke rataye a ƙarƙashin jirgin yana hana shi kifewa, wanda manyan kusoshi ke riƙe da shi. A watan Mayun 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki, a hanyarsa daga Antigua zuwa Southampton, wannan ƙarfe ya ɓalle masa a tsakiyar Atilantika, ya kife, mutum huɗu suka rasu. Binciken hukumar Birtaniya mai binciken haɗuran jiragen ruwa ya nuna jirgin ya taɓa bugun ƙasa a baya an yi masa gyara. Don haka ka tambaya kai tsaye ko jirgin ya taɓa karo da dutse ko tudun yashi, ka sa a duba tsagewa a kewayen kusoshin daga ciki. A duba kuma bawul-bawul ɗin da ke kan ramukan shigar ruwa da fitarsa. Bawul ɗin da ƙarfensa ya koma ruwan hoda ya rasa ƙarfinsa, yana iya karyewa a hannu.

Gwajin teku ba yawon shan iska ba ne. A ɗaga filafilan duka a ga ko sun saki jiki ko rana ta cinye ɗinkinsu, a ba inji wuta sosai na ɗan lokaci a ga ko zai yi zafi, a kunna kowace na'ura. Da rahoton mai bincike a hannu sai ka koma teburin ciniki: ko a gyara, ko a rage, ko ka karɓi kuɗinka ka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Saura takardu. Lambar gangar jiki, wadda ake bugawa a bayan jirgi ta hannun dama, dole ta yi daidai da ta cikin takarda. Nemi takardun sayarwa na waɗanda suka mallake shi a baya, ka tabbata babu bashin banki ko na tasha a kansa, domin irin wannan bashi jirgin yake bi ko da ya sauya hannu. A Birtaniya babbar rajistar da ke Cardiff tana nuna jingina, amma rajistar ƙananan jirage ba ta nunawa. A Tarayyar Turai sai ka ga shaidar biyan harajin VAT, kuma tun ƙarshen 2020 da Birtaniya ta kammala ficewa, harajin da aka biya a ɓangare ɗaya ba lallai ya yi aiki a ɗayan ba. Ka sa inshora ta fara aiki daga ranar da za a miƙa maka makulli, sannan ka tura ragowar kuɗin bayan an sa hannu a takardar sayarwa, tare da jerin duk kayan da aka ce suna ciki, daga anka da sarƙarta har ƙaramin kwalekwalen roba.