Yadda ake kula da jiki da zuciyar mace bayan ɓarin ciki

A gidajenmu na Yamai, idan mace ta yi ɓari, ana yi mata sannu kwana biyu ko uku, daga nan sai ta koma bakin murhu, kowa kuma ya zuba ido yana jiran wani cikin. Wannan gaggawa ita ce ya kamata a fara ragewa, domin mahaifa da tsokokin ƙugu da zuciya duk suna bukatar makonni kafin su dawo daidai.

Matakin farko shi ne a je asibiti, ko da jinin ya yi sauƙi. Ungozoma ko likita za su duba, sau da yawa da hoton ciki, su tabbatar babu abin da ya saura a mahaifa. Jini yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu yana raguwa, amma idan yana jiƙa audugar mata biyu cikin awa ɗaya, ko akwai zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara da ke ƙaruwa, ko jiri, kada a jira gari ya waye, a nufi asibitin haihuwa mafi kusa, wanda zai iya tura ta babban asibitin haihuwa na Issaka Gazoby idan abin ya fi ƙarfinsa. A kuma tambayi rukunin jininta, saboda mai rukunin Rhesus nagatif tana iya bukatar wata allura cikin awa 72 don kare cikin da zai zo nan gaba. Har jinin ya tsaya, a dakatar da kwanciyar aure, kada kuma a cusa komai a gaba, ko sassaƙe ne ko kayan mata, domin bakin mahaifa bai gama rufewa ba.

Jinin da ya zuba ana mayar da shi da hanta da nama da wake da zogale, tare da ƙwayoyin ƙarin jini idan an rubuta su. Shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, saboda haka a nisanta shi da lokacin cin abinci, ko da yake na san wannan shawara ba ta da farin jini a ƙasarmu.

A ƙasan ƙugu akwai tsokoki da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Ciki, musamman wanda ya yi nisa kafin ya zube, yana sassauta su, shi ya sa wasu mata ke ganin ɗigon fitsari idan sun yi tari ko sun ɗauki bokitin ruwa. Motsa su ba ya bukatar kuɗi. Bayan jini ya tsaya, mace ta kwanta rigingine ta lanƙwasa gwiwoyi, ta matse kamar mai riƙe fitsari da iska, ta ƙirga zuwa biyar, ta saki ta sake ƙirga biyar, ta maimaita sau goma, sau uku a yini, ba tare da riƙe numfashi ba. Kada ta yi hakan a lokacin da take fitsari. Sai an yi wajen wata uku kafin a ga bambanci sosai. Akwai kuma matan da matsalarsu ita ce tsokokin sun ɗaure saboda zafi da fargaba, har kusantar miji ta zama azaba. Su matsewa ba ta amfanar su. Abin da ya fi musu shi ne jan numfashi a hankali har ciki ya taso, a sake shi sannu a hankali, sannan a gaya wa likita batun ba tare da kunya ba. Daka da ɗaukar kaya masu nauyi kuwa, ƴan'uwa su karɓe mata su na ƴan makonni.

Sai batun zuciya, wanda shi aka fi yin sakaci da shi. Mace ta san cewa cikin kowane ciki goma da aka tabbatar, ɗaya zuwa biyu suna zubewa, yawanci a cikin makonni 12 na farko, kuma kusan rabin waɗannan saboda halittar ɗan tayin ce ba ta daidaita ba tun farko, ba don wani aiki da ta yi ko abin da ta ci ba. Jin wannan daga bakin ungozoma yakan sauke mata nauyi babba. Mai zuwa gaisuwa ya ce "Allah ya mayar da alheri" ya zauna ya saurara, ya bar cewa "ai za ki samu wani", domin wanda ya tafi shi take kuka a kai. Miji shi ma ya yi rashi, kuma shi ne ya fi kowa ikon tsayar da maganganun dangi. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu yana hana barci da cin abinci da sha'awar komai, ciwo ne da ake magancewa a asibiti, addu'a kuma tana tafiya tare da magani. Wadda ta fara tunanin cutar da kanta, a kai ta ga likita a ranar.

Haila takan dawo cikin mako huɗu zuwa shida, amma ciki yana iya shiga tun mako biyu bayan ɓarin, don haka wadda ba ta shirya ba ta nemi hanyar tsarin iyali kafin ta bar asibiti. Idan kuwa shekara ta cika ana tare babu ciki, ko ɓarin ya maimaitu, sai a yi bincike, kuma mata da miji tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar rashin haihuwa a rayuwarsa, maza da mata, gwajin maniyyi kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen mace sauƙi da araha. Matar da ta taso tana wanka ko wanki a bakin kogin Kwara ta gaya wa likita hakan, saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan kogi, tana iya taɓa mahaifa da hanyoyin ƙwai, kuma akwai maganinta.