Yadda Ake Gane Tabarau na Jabu Kafin a Biya Kuɗi

Masu yin jabun tabarau sun ƙware wajen kwaikwayon tambari, kwali da jakar da ake ajiye shi a ciki, saboda haka mai sayen da ya dogara da waɗannan kaɗai ya riga ya faɗa hannunsu. Inda suke gazawa shi ne ƙananan ayyukan da ke cin lokaci da kuɗi, kuma nan ya kamata ka kai idonka.

Farashi shi ne alama ta farko, domin araha ba ta ado: idan an ce sabon Ray-Ban ne ko Cartier amma kuɗinsa bai kai rabin na shafin kamfanin ba, to akwai lauje cikin naɗi. Sai dai tsada ma ba hujja ba ce, tunda wasu da gangan suke tsawwala wa jabu kuɗi.

Daga nan sai ka buɗe hannayen tabarau ɗin ka karanta abin da ke rubuce ta ciki. A Ray-Ban, wanda kamfanin Luxottica na Italiya ya saya daga Bausch & Lomb a shekarar 1999, lambar samfuri tana farawa da RB: RB2140 shi ne Wayfarer, RB3025 kuma Aviator. Bayanta akwai lambar launi, sannan awo a milimita, misali 50 da 22 da 150, wato faɗin gilashi, tazarar da ke kan hanci, da tsawon hannu. Dole ne waɗannan lambobi su yi daidai da na jikin kwali, kuma idan ka nemi lambar a shafin kamfanin ta nuna maka siffa da launin abin da ke hannunka. Rubutun na asali yana da tsabta, haruffansa a jere suke, ba ya gogewa idan ka murza shi da yatsa. Akwai wani kuskure da ya yaɗu, na ɗaukar duk abin da aka rubuta wa ƙirar China a matsayin jabu. Luxottica yana da masana'antu a Italiya da China, don haka wannan rubutu shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

A gilashin hagu na Ray-Ban (hagun mai sanye da shi), kusa da mahaɗar hannu, akwai haruffan RB da aka sassaƙa cikin gilashin kansa. Ka kai shi ga haske ka shafa da farce. Idan fenti ne aka ɗora a sama, ko haruffan sun karkace, ka ajiye shi. Ka kuma buɗe hannayen ka rufe su a hankali. Na asali yana tafiya sumul, ba ya sako-sako ba ya cijewa, kusoshinsa sun zauna daram, kuma ba za ka ga ragowar gam ko kaifin roba a gefuna ba.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne lafiyar ido. Gilashi mai duhu yana sa baƙin tsakiyar ido ya ƙara buɗewa, kuma idan gilashin ba ya tare hasken UV, wato wani haske na rana da ido ba ya gani, to hasken da ke shiga ido zai iya fin na wanda bai sa komai ba. Wannan haske yana cikin abubuwan da ke haddasa yanar ido. Rubutun UV400 yana nufin gilashin na tare hasken har zuwa nanomita 400, wato kusan dukkansa, amma shi da alamar CE ta bin ƙa'idojin Tarayyar Turai duk mai injin buga rubutu zai iya manna su, kuma duhun gilashi ba ya nuna kariyarsa. Hanyar tabbatarwa ita ce a kai shi wurin masu gwajin ido da yin tabarau, su auna shi da na'urar da aka tanada don haka, aikin da ba ya ɗaukar fiye da ɗan lokaci. Akan raba duhun gilashi zuwa mataki 0 zuwa 4; mataki na 3 shi ne aka fi amfani da shi a rana mai ƙarfi, na 4 kuwa bai dace da tuƙi ba.

Idan an ce gilashin mai kashe ƙyalli ne, wanda Ray-Ban ke sa wa harafin P kusa da tambarinsa, kana iya gwadawa nan take. Ka kalli fuskar kwamfuta ta cikinsa, ka riƙa juya tabarau ɗin a hankali har ya miƙe tsaye. Idan gaskiya ne fuskar za ta yi duhu sosai a wani wuri, idan kuwa haskenta bai sauya ba, an yi maka ƙarya.

Mai saye ta intanet, wanda ba zai taɓa kayan ba kafin ya biya, ya nemi hoton cikin hannayen biyu da na sassaƙen gilashi daga kusa, ba hotunan talla ba. Ya tambayi rasit da garanti da sharaɗin mayar da kaya, sannan ya duba ko sunan mai sayarwar yana cikin jerin dillalan da kamfanin ya amince da su a shafinsa.