Yadda Mai Ƙaramar Sana'a a Sakkwato Zai Fahimci Ƙa'idojin Tallafi Kafin Ya Nema

Akasarin dokokin da suke kare ma'aikaci a Najeriya an gina su ne a kan albashi. Dokar biyan diyyar rauni a wurin aiki ta 2010, da dokar fansho ta 2014, da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yuli na 2024, duk sun fi amfanar wanda yake da ubangida da kuɗin da ke shigowa a ƙarshen wata. Mai kabu-kabu, da tela, da baduku, da mai ƙosai, da mai kasa albasa a bakin kasuwa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙofofin da suka rage musu su ne rajistar mabuƙata ta gwamnatin tarayya, da rancen jari, da zakka, da inshorar lafiya, kuma kowace ƙofa tana auna talauci da nata mudun. Matsalar mai sana'ar kansa ita ce abin da ido yake gani a hannunsa, wato kayan shago ko babur ko kuɗin ciniki, ya fi abin da yake kai wa gida nesa ba kusa ba, don haka sau da yawa ana ɗaukarsa mai hali alhali da ƙyar yake haɗa cefanen yini.

Ya kamata ka fara da sanin yadda sunan gida yake shiga rajistar mabuƙata ta ƙasa, domin daga cikinta ake ɗebo waɗanda za a biya tallafin kuɗi. Ofishin NASSCO, mai haɗa kan shirye-shiryen tallafin mabuƙata na ƙasa, shi ne yake riƙe da ita a Abuja, a jiha kuma akwai sashen da ake kira SOCU, wanda yake tura jami'ai cikin ƙananan hukumomi 23 na Sakkwato. Tsarin da aka kafa ta a kansa shi ne jami'ai su shigo gari ko shiyya, su tara jama'a rukuni-rukuni, maza daban, mata daban, matasa daban, su nemi mutanen wurin su faɗi alamomin da suke gane talaka da su, sannan su lissafa gidajen da suka dace da wannan siffa. Bayan an daidaita jerin sunayen sai masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida. Daga nan za ka ga cewa ba a cike takardar neman shiga a intanet, kuma duk saƙon da ya zo maka ta WhatsApp yana neman ka biya kuɗin rajista ko ka tura lambar sirrin katinka, damfara ce. Abin da yake hannunka shi ne ka sanar da mai unguwa ko hakimi halin da gidanka yake ciki tun kafin jami'ai su zo, kuma ka halarci taron ranar da aka kira shi ko da zai ci maka cinikin rabin yini, domin a nan masu sana'a suke yawan faɗuwa: ana zaman tantancewa suna kasuwa.

Idan mai ɗaukar bayanai ya zo, ba zai tsaya a kan tambayar nawa kake samu a wata ba, domin an san babu takardar da za ta tabbatar da amsar. Zai tambayi yawan mutanen da suke ci daga tukunya ɗaya, da shekarunsu, da zurfin karatun mai gida, da irin rufin ɗaki da bango da daɓe, da inda ake ɗebo ruwa, da irin makewayi, da abin da ake girki da shi, da kadarori irin su rediyo da babur da dabbobi. Kwamfuta ce take haɗa amsoshin ta fitar da maki, da shi ake jera gidaje daga wanda ya fi buƙata zuwa wanda ya fi dama-dama. A nan mai sana'a yake buƙatar natsuwa. Idan babur ɗin da ke jingine a zaure na wani ne, kana hawa kana kai masa balas kowace yamma, ka faɗa a fili cewa ba mallakarka ba ne. Idan keken ɗinkin na haya ne, ko tumakin da ke turke kiwo aka ba matarka a raba riba, haka nan za ka bayyana. Kunya tana sa wasu su bar jami'i ya rubuta kayan aro a matsayin nasu, kwaɗayi kuma yana sa wasu su ɓoye abin da maƙwabta duka sun san suna da shi, kuma dukkan biyun cutar kai ne. Ka lissafa kowa da yake ƙarƙashin ciyarwarka, har da tsohuwa da marayun ɗan'uwa, domin yawan baki yana cikin lissafin.

Shiga rajista ba alkawarin biya ba ne. Shirin tallafin kuɗi da aka fara a 2016 ya riƙa ba gida naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000 lokaci guda, kuma galibi mace mai kula da gida aka riƙa sanyawa ta karɓa. A watan Oktoba na 2023, bayan cire tallafin man fetur, gwamnatin tarayya ta sanar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, sai aka dakatar da shirin a Janairun 2024, da aka dawo da shi kuma aka ɗaure biyan da tantance lambar NIN da biya ta asusu. Saboda haka tun kafin a kira sunanka ka gyara takardunka. Ka danna *346# a layin da ka yi rajista da shi don ganin lambar NIN, ka danna *565*0# don ganin BVN, sannan ka tabbatar sunan da ke kan katin shaida shi ne yake kan asusun banki harafi da harafi. Wanda yake Muhammadu Bello a wuri guda, Bello Mamman a wani wurin, ga kwamfuta mutum biyu ne. Matan da suke sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da fura da kitso, su suka fi faɗawa wannan rami, saboda da yawa layin miji ko na ɗa suke bayarwa, idan saƙon biya ya zo kuma ba ya isa gare su. Kowace mace ta mallaki NIN nata da layin da aka yi wa rajista da sunanta.

Aikin da ya fi kowanne amfani, wanda kuma aka fi yi wa kasala, shi ne riƙe littafin ciniki. Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa. Ka ja layi ka raba shafi gida uku: abin da ya shigo, abin da sana'ar ta ci, da abin da ya rage. A ce mai kabu-kabu ya tashi da naira 9,000 a yini, ya sha mai na 3,500, ya kai balas 2,500, ya yanki tikitin ƙungiya na 200, ya ware 500 don baƙin mai da faci. Abin da yake nasa 2,300 ne, kuma shi ne amsar da ta dace idan an tambaye shi samunsa. Mutane da yawa idan aka yi musu wannan tambaya kuɗin ciniki suke faɗa, sai su fitar da kansu daga sahun mabuƙata da bakinsu. Ka rubuta har ranakun da ba ka fita ba saboda rashin lafiya ko lalacewar abin aiki, ka rubuta bashin da ka bayar da wanda ake bin ka, kuma ka ci gaba har shekara ta zagayo, domin cinikin tela a goman ƙarshe na azumi ba ya nuna halin da yake ciki a tsakiyar damina. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa yaronsa ya riƙa rubuta masa bayan sallar isha'i. Littafin yana da wani amfani na daban: idan masifa ta auku, kamar gobarar da ta ci wani ɓangare na Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, wanda yake da rubutu a gida da katin ƙungiyar 'yan kasuwa ya fi samun sauƙin nuna abin da ya rasa.

Wannan wahala ta auna samun mai sana'ar kansa ba tamu ba ce mu kaɗai. A Ingila, a ƙarƙashin tsarin tallafin gwamnati da ake kira Universal Credit, mai sana'ar kansa yana kai rahoton abin da ya shigo da abin da ya kashe kowane wata, kuma bayan wata 12 na farkon sana'a hukuma tana ɗaukar cewa yana samun aƙalla abin da mai mafi ƙarancin albashi zai samu a sa'o'in da ake sa ran ya yi aiki, galibi 35 a mako, ko da bai samu hakan ba, sai a lissafa tallafinsa a kan wannan zato. A can ana ƙiyasta masa kuɗin da bai gani ba, a nan kuma ana ƙiyasta halinsa daga rufin ɗakinsa da abin da ke tsakar gidansa. A ganina namu tsarin ya fi sassauci ta fuska ɗaya, domin ba a rage maka tallafi don cinikinka ya ɗan ƙaru a wani wata, saboda haka babu dalilin da zai sa mutum ya rage ƙwazo don tsoron a cire shi.

Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kowace takarda, ka tambaya da baki ko abin kyauta ne ko rance. TraderMoni, wanda aka fara a 2018 ta hannun Bankin Masana'antu, a lokacin rance ne na naira 10,000 ba tare da jingina ba, wanda ya biya cikin wata shida sai ya cancanci 15,000, a haka har sama. Rancen MarketMoni ya fi shi girma, kuma ya riƙa bi ta ƙungiyoyin kasuwa da na gama kai, abin da ya sa shiga ƙungiyar sana'a mai rajista yake da muhimmanci. Mutane da yawa sun karɓi irin waɗannan kuɗi a matsayin rabonsu na gwamnati ba su biya ba. Tun daga watan Agusta na 2020 akwai umarnin Babban Bankin Najeriya da ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga kowane asusu da yake ɗaure da BVN na mai bashin, idan ya amince da hakan a takardar rancen, kuma da wannan aka bi wasu da suka ci rancen lokacin korona. Idan ribar da littafinka ya nuna ba za ta ɗauki biyan mako-mako ba, barin rancen ya fi karɓarsa.

Zakka tana da nata ƙa'idojin, kuma sun fi fahimtar mai sana'a. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci rukuni takwas, cikinsu har da fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne. A mazhabar Malikiyya fakiri shi ne wanda abin da ya mallaka ba zai ishe shi shekara ba, saboda haka samun sana'a ba ya hana mutum karɓa matuƙar sana'ar ba ta ɗauke buƙatarsa da ta iyalinsa ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana aiki ta hannun kwamitoci a gundumomin iyayen ƙasa, kuma ban da abinci da magani tana ba da kayan sana'a da jari. Ka bi ta limamin shiyyarku ko hakimi, ka faɗi takamaiman abin da kake buƙata da kuɗinsa, misali injin markaɗe ko gyaran keken ɗinki, domin buƙatar da aka fayyace ta fi saurin samun amsa a kan kukan talauci na gaba ɗaya. Ka kuma tuna cewa idan jari ya bunƙasa har kuɗinka da ƙimar hajarka suka kai nisabi, wato dinari 20 na zinari, shekara ta zagayo a kansu, kai ne za ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari.

Rashin lafiya shi ne abin da ya fi cinye jarin ƙaramin ɗan kasuwa, domin kuɗin magani daga cikin uwar kuɗi yake fita, ga shi kuma ranar da aka kwanta babu ciniki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma a Sakkwato hukumar SOCHEMA ce take yi wa mabuƙata rajista a ƙarƙashin wannan asusu, inda ake ba mata masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman fifiko. Ka je asibitin matakin farko na mazaɓarku ka tambayi jami'in da ke kula da shi ko ana ɗaukar sababbin sunaye, ka tafi da NIN na kowa a gidan. Wanda bai shiga sahun kyauta ba yana iya tambayar tsarin masu zaman kansu da ake biya shekara-shekara.

Akwai masu gudun bayar da NIN ko buɗe asusu don tsoron haraji. Dokar haraji da aka sanya wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta ce naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, kuma ga mai sana'a riba ake dubawa bayan an cire abin da sana'ar ta ci. Mai kabu-kabun da muka yi misali da shi, idan ya fita kwana 300 a shekara yana tsira da 2,300, ya tashi da naira 690,000, bai kai wannan iyaka ba. Kuɗin rumfa da tikitin kasuwa da ƙaramar hukuma take karɓa lissafinsu daban ne, kuma duk lokacin da ka biya su ka karɓi rasit ka manna shi a bayan littafin ciniki, domin suna cikin abin da za ka cire kafin ka faɗi ribarka.