Yadda ake kula da ingancin maganin tsinka jini ga mai daskarewar jini a jijiya

Idan an ɗora majiyyaci a kan warfarin, wato maganin tsinka jini da ake sha, saboda gudan jini a jijiyar ƙafa ko a huhu, ma'aunin da ake bi shi ne gwajin INR, wanda ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, kuma ana son sakamakonsa ya tsaya tsakanin 2.0 da 3.0. Ƙasa da haka, gudan zai iya dawowa; sama da haka, zubar jini ake tsoro.

A farkon magani ana haɗa warfarin da allurar heparin, wani maganin tsinka jini mai saurin aiki, na aƙalla kwana 5, har sai INR ya kai 2.0, domin warfarin ba ya kama jiki nan take. Daga nan a riƙa gwaji akai-akai, a rage yawan gwajin sannu a hankali idan sakamako ya daidaita.

Sai dai gwaji ɗaya mai kyau ba ya nuna inganci. Abin dubawa shi ne yawan kwanakin da jinin ya yi cikin iyakar da ake so, wanda ake lissafawa da hanyar Rosendaal ta 1993. Idan bai kai kashi 65 cikin 100 ba, sai likita ya binciki dalili, kuma a ganina mantuwar shan magani ce ta fi cancanta a fara tambaya. Bayan ita sai sauran magungunan da majiyyaci ke sha: rifampicin yana rage ƙarfin warfarin, metronidazole da fluconazole kuwa suna ƙara shi. Ganyayyaki masu bitamin K ba a hana su ba, amma kada a sauya yawan cinsu kwatsam, domin bitamin K yana shafar ƙarfin warfarin.

Idan duk da haka lamarin ya ƙi daidaita, likita zai iya komawa ga wasu magungunan tsinka jini, kamar apixaban ko rivaroxaban.